Batirin da Na Kashe wa Baba

A ƙauyenmu ba a cewa "an ɗauke wuta", saboda ba a taɓa kawo ta ba. Muna cikin Ƙaramar Hukumar Rogo ne, ta ɓangaren da ke fuskantar Karaye, kuma idan ka sauka daga kan kwalta sai ka hau babur ka sha ƙura kusan rabin awa kafin ka hango kukar bakin garinmu. Tun ina firamare aka zo da wata babbar mota, ana dab da zaɓe, aka sauke turakun siminti guda takwas a gefen hanya. Har yau suna nan kwance. A kansu samari ke zama su sha rake da yamma.

Abin da ya fi ba mutum takaici shi ne, dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992 yana nan ƙasar Karaye, maƙwabtanmu. Kifinsa muke ci, kuma sama da shekara goma ke nan ana maganar samar da lantarki daga ruwansa. To ko an samar, da wace waya za ta iso mana? Da na girma na gane ba mu kaɗai ba ne. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta ƙasa, kuma galibinsu irinmu ne, mutanen da jawo musu waya mai tsawon kilomitoci zai ci kuɗin da kuɗin wutarsu ba zai mayar ba.

Da fitilar ƙwai na fara karatun dare. Da kananzir ya fi ƙarfinmu muka koma 'yar tocilan mai batir uku. Lokacin da nake shirin WAEC a 2023, ɗaure ta nake yi a goshi da tsohuwar robar tayar keke, in kifa ciki a tabarma, sauro na cizo ina bitar fiziks. Wayar salula kuwa sai an kai ta shagon mai janareta. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mai shagon ya ninka kuɗin caji, wani lokaci ma ya ce yau ba zai tayar da injin ba sai wayoyi sun kai talatin.

A wannan halin ne na fara yi wa Baba naci a kan sola. Na gan ta a kan rufin masallatai da kemis-kemis a garin Karaye, na gan ta a kan tankin rijiyar burtsatse, na kuma kalli bidiyo iri-iri a Facebook har na ɗauka na zama gwani. Baba ba mutum ne mai saurin fitar da kuɗi ba. Ya yi ta sauraro har kaka ta yi, aka cika rumbu, sannan wata rana bayan sallar isha'i ya kira ni ya ce, "Kai ne ka yi boko. Ka tabbata ka san abin nan?" Na ce, "Baba, a makaranta ma an koya mana." Ƙarya ce? Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. An koya mana. Haddacewa na yi na zuba wa masu jarrabawa na fito.

Buhu shida na masara Baba ya sayar, Inna ta ƙara da kwasar adashenta. Ku da kuka fito daga gidan noma kun san abin da buhu shida yake nufi: takin baɗi ne, kayan Sallah ne, kuɗin asibiti ne idan wani ya kwanta. Aka damƙa mini kuɗin na shiga Kano ni kaɗai, don na ce ba sai an raka ni ba.

Shago na farko da na shiga, mai shi ya tambaye ni, "Me da me za ku kunna, kuma awa nawa?" Na ga yana son ɓata mini lokaci, ga shi farashinsa ya yi sama, na fita. A shago na uku aka nuna mini faranti ɗauke da takarda a bayansa an rubuta wat 300, a kuɗin da na farko ya ce zai ba ni mai wat 150. Batir kuma aka ce ga wani mai amfiya 100 irin na babbar mota, "ai duk batir batir ne". Aka haɗa mini da inbata da 'yar kwantirola da waya, har canji ya ragu na saya wa Inna atamfa. A mota ina ta yi wa kaina kirari. Hausawa na cewa ana yi wa rogo kallon kitse. Ni ɗan Rogo da kaina na yi shi.

Daren da muka fara kunnawa, a watan Disamba, ba zan manta da shi ba. Ƙwai shida: zaure, tsakar gida, ɗakin Baba, ɗakin Inna, namu, da madafa. Yara suka cika ƙofar gida suna tsalle, tsofaffi suka shigo suna sa albarka. Kakarmu ta daɗe tana kallon bangon ɗakinta, ta ce ashe haka ya tsattsage. Ƙanwata, wadda ke shirin jarrabawar kwalifayin, wato wadda idan ɗalibi ya ci gwamnatin jiha ke biya masa kuɗin NECO, ta shimfiɗa littattafanta a tsakar gida ta yi karatu har sha ɗaya. Baba bai ce komai ba, amma washegari na ji shi a majalisa yana cewa, "Yaron nan ne ya haɗa da hannunsa."

Makonni uku na farko lafiya lau. Sai maƙwabta suka fara aiko da wayoyi, kuma ba a hana maƙwabci caji, daga biyar suka koma sha biyar. Sai aka fara gasar cin kofin Afirka a Kwaddebuwa cikin Janairun 2024, wani abokina ya ɗauko talabijin da dikoda daga gidan yayansa muka kafa a zaure. Ranar wasan ƙarshe, 11 ga Fabrairu, zauren ya cika har waje. Troost-Ekong ya ci mana ƙwallo da ka, muka yi ihu har Baba ya leƙo. Bayan an dawo hutun rabin lokaci inbata ta fara kuka, ɗit, ɗit, ɗit, sannan ta mutu. Na kashe ƙwayaye, na sake kunna ta. Ta yi minti goma ta sake mutuwa, na sake kunnawa. Sau huɗu na yi haka a daren nan, har muka ga ƙwallon Haller da ta raba mu da kofi, biyu da ɗaya. Kowa ya watse yana baƙin cikin wasa. Ni ban san akwai wata asarar da na yi a daren ba, wadda ta fi ta kofi kusa da ni. Kukan da inbata ke yi gargaɗi ne cewa batir ya kai ƙarshe, ni kuwa na ɗauke shi fitina.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, cikin zafin bazara. Na sayo fanka biyu na tsaye, ɗaya ga Baba ɗaya ga kaka. Da farko suna kai wa ƙarfe biyu na dare, suka koma sha biyu, suka koma goma. Bayan ƙaramar Sallah ko ƙwai shida batirin ba ya iya riƙewa awa ɗaya, gefensa kuma ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci ƙaiƙayi. Wata biyar kacal.

Da Baba ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tsayawa ya yi yana kallon batirin, sannan ya ce wa ƙanena, "Je ka sayo batirin tocila." Shi ke nan. A majalisa aka fara tsokanarsa, wai ina wutar ɗan boko. Ƙanwata ta koma karatu da tocilan a goshi, da robar nan tawa ta da, wadda ta samo a cikin akwatina. A lokacin na fara karatu a Jami'ar Bayero, kuma duk sanda na wuce jerin farantan sola da ke sabon mazaunin jami'ar, wanda aka ƙaddamar a Satumbar 2019 da ƙarfin megawat 7.1, sai gabana ya faɗi. Wasu sun haɗa wa jami'a sukutum, ni na kasa haɗa wa gida mai ɗaki biyar.

Da aka ba mu hutu a damina na ɗauki batirin a bayan babur na kai wa wani mai gyaran kayan lantarki a garin Karaye. Dattijo ne, bai yi jami'a ba, gyaran rediyo ya fara da shi kafin sola ta shigo. Ya sa mita ya auna, ya girgiza kai, ya ce wannan ya riga mu gidan gaskiya. Sannan ya miƙo mini biro da bayan kwalin taliya ya ce, "Ɗan jami'a, rubuta mini duk abin da kuka kunna." Tambayar mai shagon farko ce ta dawo mini.

Ƙannena, ku ɗan daure a nan, lissafi ne amma bai fi na aji biyu ba. Kowace na'ura tana da adadin wat a jikinta, wato ƙarfin wutar da take ja. Idan ka ninka wat da awannin da ta yi a kunne, ka sami abin da ta sha, ana kiransa wat-awa. Ƙwai shida masu wat 5, awa biyar: 150. Talabijin da dikoda wat 60, awa uku: 180. Waya sha biyar, kowace kamar 10: 150. Fanka biyu masu wat 50, awa shida: 600. Ita kanta inbata, ko ba a jona mata komai ba, tana shan wuta muddin tana kunne. Tamu ta kai wat 10, a awa sha biyu 120. Jimla 1,200 a kowace rana.

Sai ya ce to yanzu mu ga abin da ke shigowa. Muka hau babur muka je gida, ya hau rufi da tef. Farantin nan mai takardar wat 300, tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa santimita 67. Ya ce, "Hasken rana idan ta take sosai, wat dubu yake zubawa a kan murabba'in mita ɗaya. Faranti mai kyau kashi ɗaya cikin biyar yake iya mayarwa lantarki. Naka bai kai murabba'in mita ba. Daga ina 300 za ta fito?" Na buga a waya: ko da na gari ne ba zai wuce 134 ba. Da ya auna da mita, abin da ya samu bai fi 100 ba. Takardar baya kawai aka sake. A ƙasarmu, idan aka tattara hasken yini gaba ɗaya, yakan yi daidai da awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi. Ɗari sau biyar, 500. Cire abin da ke salwanta a waya da kwantirola da cikin batir, da wanda ƙura ke tarewa, sai a tashi da kamar 350.

Ana zuba 350, ana ɗibar 1,200. Na daɗe ina kallon bayan kwalin nan. Wat daidai yake da bolt sau amfiya. Wannan na rubuta shi a takardar WAEC da hannuna, na kuma ci. Ban taɓa tunanin yana da alaƙa da masarar Baba ba.

Batirin ma da nasa labarin. Bolt 12 sau amfiya-awa 100 ya ba da 1,200, amma batirin dalma, irin mai ruwa ɗin nan, ba a son a sha fiye da rabinsa. Idan ana ƙarar da shi kullum, kuma ba ya samun cika washegari, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, ya toshe su, har ya daina karɓar caji. Na mota kuwa ya fi saurin lalacewa, saboda an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, nan take injin ya mayar masa. Na sola daban ne, farantansa masu kauri ne, an yi shi don a riƙa sha a hankali dare bayan dare. Ba duk batir ne batir ba.

Dattijon bai gama da ni ba. Ya shafa farantin da yatsa ya nuna mini: tun da na ɗora shi ban taɓa wankewa ba, ya sha hazon hunturu wata uku cur kafin ruwan sama ya ɗan ɗauraye shi. Na kwantar da shi ne shimfiɗe a kan kwano, alhali ana so ya kalli kudu ya ɗan karkata, kamar digiri 12 zuwa 15 a wajenmu, a kuma bar masa sarari a ƙasa iska ta riƙa ratsawa, domin zafi rage masa ƙarfi yake yi. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana yake so. Haske yake so. Reshen darbejiyar gidanmu kuma yana yi wa gefe ɗaya inuwa tun daga la'asar, kuma da yake ƙwayoyin farantin a jere suke kamar 'yan layin rijiya masu miƙa wa juna guga, idan ɗaya ya tsaya duk layin ya ja baya. Da ya tambayi inda muke ajiye batirin na nuna masa ƙarƙashin gadon Baba, sai ya yi salati. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin da yake caji. Ko fis ban sa a wayar ba. Ya ce Allah ne kawai ya tsare.

Abu mafi wuya shi ne komawa in yi wa Baba bayani. Na yi ta kewaye-kewaye da wat da bolt, yana kallona. Daga baya na ce, "Baba, kamar rumbu ne. Gona tana kawo mudu uku da rabi kullum, mu kuma muna ɗibar sha biyu. Kuma irin rumbun da idan aka taɓa rabinsa na ƙasa yake rushewa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe iri muka ci." Ya tambaye ni ko mai shagon ne ya cuce ni. Na ce ya cuce ni a faranti, amma batirin ni na kashe shi. Ban san dalili ba, amma daga wannan ranar ya koma yi mini magana kamar da.

Sauran hutun a shagon dattijon nan na yi shi, da safe in je gona, da rana in bi shi aiki ina riƙe tsani. A yawon nan na ga ba ni kaɗai na yi wannan wauta ba. Gidaje da yawa a ƙauyukan Karaye da Rogo za ka ga faranti a kan rufi yana ƙyalli, cikin gida kuma duhu. Mai gidan zai ce maka sola ƙarya ce. Kusan kullum idan an bincika batir ne ya mutu, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne: ba wanda ya zauna ya ƙidaya. Na ga inda aka jona dutsen guga mai wat dubu a kan batir ɗaya. Na ga inda aka ƙara wa batir ruwan rijiya maimakon tataccen ruwan batir.

A labarai kuna jin manyan alƙaluma. A Disambar 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin Solar Power Naija na kai sola gidaje miliyan biyar. A Janairun 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. A Disambar 2023, watan da nake ɗora farantina a kan kwano, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don wani shiri da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ke gudanarwa. Ina fatan su iso mana. Amma a nawa ganin, ko an raba wa kowane gida faranti kyauta, idan babu wanda ya iya lissafin nan a cikin gidan, kuma babu mai gyara a kusa, bayan shekara ɗaya za a koma tocila. A yankinmu masu gyaran da suka san aikin ba su da yawa, dattijon nan har daga ƙauyukan kan iyakar Katsina da Kaduna ake kiransa, wani lokaci sai an jira shi mako guda.

Akwai kuma 'yan akwatunan nan da ake biya kaɗan-kaɗan ta waya, tsarin da kamfanin M-KOPA ya yi suna da shi a Kenya, kuma Lumos da MTN suka yaɗa irinsa a Najeriya da akwatinsu mai ruwan ɗorawa. Idan ka tara abin da za ka biya ya fi sayen hannu tsada, kuma ranar da ba ka biya ba akwatin kulle kansa yake yi, wanda ga manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai faranti da batir da ƙwayayen an auna su daidai da juna tun daga kamfani, kuma akwatin ba ya yarda a ƙarar da batirin. Wato an yi maka lissafin an kulle. Da irinsa na saya wa Baba tun farko, da ba mu kalli wasan ƙarshe ba, amma da masararsa ba ta tafi a banza ba.

Mataccen batirin nan na so in fasa shi in ga cikinsa, dattijon ya hana ni da tsawa. Dalma guba ce, musamman ga ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ita ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gida ta fito. Ruwan cikinsa kuma asid ne mai ƙona fata. Idan kun ga ƙannenku suna wasa da fasasshen batir, ko wani yana narka dalmarsa a tsakar gida, ku hana. Namu a rufe muka sayar wa masu sayen tsofaffin batura, kuma kuɗin da suka ba mu ba laifi.

Da kuɗin nan, da abin da na tara a wajen dattijon, da kuɗin wani ɗan akuya da Inna ta ce in sayar ba tare da ta gaya wa Baba ba (ya sani, ya yi kamar bai sani ba), muka sayi batirin sola na gaskiya a watan Satumba. Na so mai litiyam, wanda ake iya shan kusan duka kuma yana shekaru, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Inbata muka cire ta gaba ɗaya. Ƙwayayen muka mayar da su masu aiki da bolt 12 kai tsaye, masu wat 3, muka sa fanka ɗaya ƙarama mai wat 15 a ɗakin kaka. Ƙwai shida awa biyar 90, fanka awa shida 90, waya takwas 80: jimla 260. Farantin dai shi ne, mai takardar ƙarya, amma yanzu yana kan ƙarfe yana kallon kudu, an yi masa walda saboda ɓarayi, an sare reshen darbejiya, ƙanena kuma yana hawa ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma duk Juma'a da sassafe kafin ya yi zafi. Talabijin ta koma gidan mai ita. Abokaina sun ce na zama marowaci.

Wata guda bayan haka, a ƙarshen Oktoban 2024, babban layin wutar da ke ciyar da Arewa ya lalace, Kano da jihohi da dama suka kwana fiye da mako a duhu. Ina birni a lokacin. Ƙanƙara ta yi tsada, ruwa ya yi wuya, a shagon caji sai ka bi layi. Na kira gida da ragowar cajina in ji lafiyarsu, ƙanwata ta ɗauka ta ce, "Yaya, wai da gaske ba ku da wuta? Mu ga mu nan a haske." Ina jin muryar Baba a bayanta yana cewa a gaya mini idan abin ya yi tsanani in aiko da wayar a mota a yi mini caji.

Kwalifayin ɗin ta ci, da tocilan, ba da taimakona ba. Yanzu ita ke riƙe da lissafin gidan. Ta manna takarda a bango kusa da kwantirola, ta rubuta abin da kowace na'ura ke sha, kuma idan maƙwabta suka aiko da waya ta tara, sai ta duba fitilar batir ta ce a dawo gobe da hantsi, lokacin da rana ke zubowa. Wata tsohuwa ta kai ƙararta wajen Baba, ya ce shi ma sai ya nemi izini.

Inna tana son firji, ta ce idan ta samu za ta riƙa yin zoɓo da ƙanƙara, ba wanda ke sayar da mai sanyi a garin. Da na je hutun da ya wuce na ɗauko biro zan fara lissafi, ƙanwata ta miƙo mini littafinta: ta riga ta yi, faranti nawa, batir nawa, buhu nawa a farashin masarar bana. Na duba sau biyu ban ga kuskure ba. Baba ya karɓi littafin daga hannuna, ya juya wajenta ya ce, "To Hajiya, karanta mini, daga farko."